Mashigar Tafkin Maje Ta Zauna a Buɗe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa.

Ni ne Almu ɗan Masawudu, mutumin Tungar Maje ta ƙasar Yawuri, wanda a yau yake kwance a ɗakin baya na flat ɗin 'yarsa a Abbey Wood, cikin birnin London. Da hannuna nake rubuta wannan, da hantsi, bayan na karya kumallo, kafin in sha maganin nan mai sa ni gyangyaɗi. Da gangan na faɗi haka, don kada wani ya tashi bayan raina ya ce ai magani ne ya yi magana. Hankalina ƙalau yake. Ciwon a hanta yake, bai hau kai ba. Likita ba ta ɓoye mini komai ba, ta ce da wuya in ga daminar bana, ni ma jikina ya riga ta gaya mini. Alhaji Rufa'i, mutumin Kumasi, abokin sahuna a masallaci, ga shi nan zaune yana kallona, shi da limaminmu ne za su shaida.

Zuwa gare ku 'ya'yana uku: Shafi'u babba, Faridatu, da auta Abdul-Nasir. Na so in rubuta muku wannan da sanyin rai, kamar yadda dattawa suke yi. Ban samu ba. Raina a ɓace yake, kuma ba zan yi muku ƙarya a takardata ta ƙarshe ba.

Na ɗaya. A binne ni a nan. Kada wanda ya fara zancen akwati da jirgin sama. Ƙasa duk ta Allah ce. A wanke ni, a sallace ni, a rufe ni da wuri, gwargwadon yadda takardun council, wato hukumar unguwa, suka bari. Ban yarda a buga hotona a jikin riga ko kalanda ba.

Na biyu. Ba wanda yake bina bashi, ni ma ba na bin kowa. Keken guragun nan na asibiti ne, a mayar musu, kada ya zauna a lungu jikata Zarah tana hawa. Gidan Kaduna da duk abin da na bari a raba muku yadda Shari'a ta tsara, liman ya san hanya. Ba ni da hurumin fifita wani a cikinku, kuma ba na so. Kashi ɗaya bisa uku ne kawai nawa in yi magana a kai, shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Na uku, kuma shi ne tushen maganar: Tafkin Maje.

Bari in bayyana shi daga farko, tunda a Kaduna kuka girma, kuna zuwa tunga da Sallah kawai, a lokacin da babu abin gani sai tsamiya da zafi. Tafkin yana bayan gari, kuma wata 'yar hanyar ruwa ce ta haɗa shi da kogin Kwara. Ita muke kira mashiga. Da rani yaro ma zai tsallake ta. Idan damina ta kankama kogi ya cika, ruwa yakan bi ta nan ya malale ciyawar tafkin, kifi kuma ya biyo ruwan. Bargi ya shiga ya share wuri a cikin ciyawa ya yi sheƙarsa. Yauni ya shiga, ƙarfasa da tarwaɗa su shiga, kowa ya zuba ƙwansa inda ruwa bai da zurfi, manyan kifayen kogi ba sa isa. A ranar da ruwan ya fara shiga, Sarkin Ruwa yakan kafa gwangwala a mashigar, ya ɗaura mata ganyen kaba. Shi ke nan, an ɗaure ruwa. Daga ranar ba kowace irin raga, ba koma, ba birgi, ba taru, ko ƙugiyar yara ba ta shiga Maje. Sai ruwa ya juya, 'ya'yan kifi sun yi ƙwari sun bi mashigar sun koma kogi, sannan a cire gwangwalar, gari ya fito a yi su, wato kamun kifi na gayya, gaba ɗaya, a kama abin da ya rage a raba har da gwauraye da marayu.

Kakanku Masawudu ya kafa gwangwalar nan har ƙarfinsa ya ƙare. Yanzu ƙanena, Baffanku Nashiru, shi yake kafa ta. Ina yaro na ga an kama ɗan wan babana da birgi a Maje ana cikin ɗauri. Babana bai daka masa tsawa ba. Ya sa shi ya zauna a gaban jama'a ya tsinke birginsa da hannunsa, zare bayan zare, har la'asar. Mutumin nan shi ya zama mai gadin mashigar daga baya, kuma ba a taɓa samun mai tsanani irinsa ba.

Duk kifin da ake kamawa daga tungarmu har tungayen da ke ƙasa da mu, a irin wannan wuri aka haife shi. Da can irinsu suna da yawa a gaɓar nan. An toshe wasu an shuka shinkafa, wasu an zuba musu maganin ƙwari an kwashe kifin dare ɗaya, wasu yashi ya cinye. Maje ne ya rage.

Shi ne kai Shafi'u ka ce za ka gina wa bango.

Ina tuna ranar sarai. Kuka sa mini babbar riga, kuka tura ni a keke zuwa wani zaure a Deptford, wai taron taimakon gida ne. Mutanenmu sun cika, likitoci da ɗalibai da 'yan kasuwa, har da 'yan'uwanmu na Gana da Alhaji Rufa'i ya gayyato. Aka ajiye ni a gaba. Ka tashi da kwat ɗinka ka yi bayani mai daɗi, ina jin daɗi ina cewa ɗana ne. Ka ce kifi ya ragu a kogi, gaskiya ne. Ka ce samari ba su da aiki, gaskiya ne. Ka ce ƙasa mai ruwa irin tamu tana sayo kifin ƙanƙara daga waje, abin kunya ne, na gyaɗa kai. Sai ka haska zane a bango. Na ga Maje daga sama, na ga mashiga, na ga an ja layin siminti ya datse ta. Za a riƙe ruwa shekara duka, a zuba tarwaɗar kiwo, a riƙa ba ta abincin buhu. A saman zanen kuma, da manyan baƙaƙe, sunana. Wai sadaka mai gudana ce ka yi wa mahaifinka.

Aka yi ta tafi. Wata baiwar Allah ta durƙusa a gabana ta ce na haifi ɗa. Ba zan kunyata ka a gaban mutane ba. Sai a mota na gaya maka ban yarda ba, kana tuƙi kana cewa to Baba, to Baba. Daga baya na ji abin da ka gaya wa ƙanwarka a kicin, da Turanci, wai Baba is being emotional, wato zuciya ce kawai take ɗibana. Bangon flat ɗin nan kwali ne, Shafi'u, kuma Turancin da ka yi ni na riga ka jin sa.

Emotional! Ni da na ƙare ƙuruciyata ina aikin kula da kamun kifi a gwamnati, ina auna idon taru a rana, ina kwana a kwale-kwale sauro na cina? Ni da na haƙa tafkunan kiwo tun kana rarrafe? Haba! Kai injiniya ne, ba na musu, gadojin da kake zanawa a ƙasar nan suna tsaye. To amma kogi ba titin mota ba ne. Idan ka toshe mashigar, kifin kogi zai zo ya tarar da siminti. Ba shi da inda zai zuba ƙwai. Shekarar farko ba wanda zai lura, za a ma yi ta sa maka albarka, ana ɗaukar hoto da tarwaɗa. Bayan 'yan shekaru masunta za su riƙa dawowa da jirgi fayau. Gonar kifinka za ta ɗauki samari kaɗan aiki, sauran gidajen da ke ci daga kogin nan fa? Su sayi tarwaɗarka? Da me?

Wancan mako Baffanku ya kira ni ta bidiyo. Ya juya wayar kawai. Na ga buhunan siminti an jibge a gaɓar mashiga an lulluɓe da tamfol, ga rodi a gefe. Ashe ka riga ka samo takardar izini, kuma da sunana ka samo ta, waɗanda suka sa hannu suna cewa ai aikin Malam Almu ne, shi ya san kifi. Samarin tunga sun koma bayanka saboda ka yi musu alkawarin albashi. Baffanku ya tsufa, ya zama shi kaɗai, ana masa kallon mai baƙin ciki. Kuma an shirya zuba simintin da ranin nan kafin ruwa ya dawo. Wato ana jiran ruwa ya janye, ni ma in janye.

Saboda haka ga hukuncina. Tafkin ba nawa ba ne, ba na gidanmu ba ne, riƙo ne kawai aka ba mu. Amma gaɓa biyu na mashigar gonar kakanku ce, kuma ta faɗo mini a gado. Na mayar da ita wakafi saboda Allah, daga cikin kashi ɗaya bisa ukuna, ga mutanen Tungar Maje da duk wanda yake ci daga kogin. Ba a sayar da ita, ba a bayar da ita haya, ba a gadonta, ba a ɗora bulo ko ɗaya a kanta. Mashigar ta zauna a buɗe. Baffanku Nashiru ne mai kula da ita muddin yana raye, Faridatu kuma ta tsaya masa a duk abin da ya shafi hukuma.

Na huɗu. A cire sunana daga wannan aiki. A goge shi daga zanen, daga shafin da kuka buɗe a intanet, daga takardar izinin. Ba na son ladan, kuma ba na jin akwai shi. Ina kwance a kabari a riƙa aiko mini da yunwar mutane, a ce sadaka ce? A'a, na gode. Mutanen da suka bayar da gudummawa a Deptford saboda sunana suka bayar. Shafi'u, ka tara su kamar yadda ka tara su da farko, ka gaya musu mahaifinka bai yarda ba, kuma ka gaya musu dalili. Wanda yake son abinsa a mayar masa. Wanda ya yarda a juya shi zuwa abin da zan faɗa a gaba, Allah ya saka masa.

Na biyar. Kada wani ya ce Almu ya mutu yana ƙin kiwon kifi. Ƙarya ce. Ƙasarmu ba za ta ƙoshi da kifin kogi kaɗai ba, mun yi yawa. Akwai filina na tudu a hanyar kasuwa, ƙasarsa yumɓu ce mai riƙe ruwa, rijiya kuma ba ta nisa. Ina roƙon Faridatu da Abdul-Nasir, idan an zo rabo, su yarda ya faɗa a kason Shafi'u. Ka haƙa tafkunanka a can, ka kai simintinka can, ka ɗauki samarin nan aiki a can. Ruwan da za ka zubar kada ya koma kogi, ka ba shi hanya ya bi lambu. Na san ya fi wuya, na san sai ka sayi injin ban ruwa. Ai shi ya sa ka zaɓi Maje, don ka tarar da ruwa kyauta. To ba kyauta ba ne, na mutane ne.

Na shida. Littattafaina na aiki da ke cikin akwatin ƙarfe a Kaduna, a kai su makarantar koyon kiwon kifi mafi kusa da gida, wataƙila wani ya karanta. Ko da yake, Allah na tuba, rubutu ba shi ne ya yi mana ƙaranci ba. Dokoki muna da su, masu kyau. An hana taru mai ƙananan idanu, an hana guba, an ce a huta lokacin ƙwai. Wa zai tsare? Na yi aiki a ofishin da ke kula da ruwa mai faɗin da ba ka hango ƙarshensa, jirginmu guda ɗaya, shi ma injinsa a kwance yake a bayan ofis kaji na ƙwai a ciki. Amma kuɗin taro a otal ba ya yankewa. A zo a zauna cikin sanyi, a ci kaza, a yi jawabi a kan ɗorewar kifi, a raba jaka, a watse. Idan muka kama mai guba da safe, kafin azahar waya ta zo daga sama a sake shi. Na ga gidan sauron da aka raba don jarirai an ɗinke shi an mai da shi taru, yana kwaso 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba, a shanya su a ƙasa a sayar wa masu kaji. Ban zargi matalaucin da ya yi ba kamar yadda na zargi waɗanda suka bar shi ba shi da wata hanya. A duk tsawon aikina, wurin da na ga doka ta tsaya da ƙafarta ba tare da ɗan sanda ba, shi ne inda masunta da kansu suka ɗaure ruwansu. Shi ya sa abin nan ya yi mini ciwo. Abin da baƙi ba su iya rushewa ba, jinina ne ya zo da siminti.

Na bakwai. Faridatu. Kin riƙe ni a gidanki, kin dawo daga aikin asibiti a gajiye kin juya ni, kin wanke abin da bai kamata 'ya ta gani ba. Allah ya biya ki. Amma ke ma ban bar ki ba. Tun ranar ƙaramar Sallah da kuka yi cacar baki ke da yayanki a ƙofar masallacin Regent's Park, mutane na wucewa suna kallo, ba ki sake ɗaga wayarsa ba. Kin cire shi daga group ɗin gida. Kin ce masa ɓarawo. Shafi'u ba ɓarawo ba ne, bai ci ko sisin kowa ba, taurin kai ne da shi, kuma kin san inda ya gado shi. Gaskiyarki a kan ruwa ba ta ba ki izinin yanke zumunci ba. Ki kira shi kafin a ɗauke ni daga ɗakin nan, ba bayan an ɗauke ni ba. Zarah ta tambaye ni jiya, da Turancinta, me ya sa Kawu Shafi'u ya daina zuwa. Ku riƙa yi wa yarinyar nan Hausa, tana ji sarai, lalaci ne kawai.

Na takwas. Abdul-Nasir. Kai kuma kullum kana tsakiya, kowa ya yi magana ka ce gaskiya ne. Ka ce wa yayanka gaskiya ne, ka hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka zo nan ka ce mini gaskiya ne. Wannan ba zaman lafiya ba ne, tsoro ne. Ka girma. Aikinka shi ne ka riƙa kiran Baffanku kowace Juma'a, ka ji lafiyarsa, ka ji halin ruwa. Idan lokacin ɗauri ya yi kuma ƙafarsa ta ƙi, ka yi booking ɗin jirgi ka tafi ka riƙe masa gwangwalar ya kafa. Agogona da carbina naka ne idan 'yan'uwanka sun yarda.

Yanzu saura kai, Shafi'u.

Na san iyakar takardar nan. Na zauna da hukuma, na san yadda ake yi. Kana da izini a hannu, kana da samari, kana da siminti a gaɓa. Baffanka tsoho ne, ƙanwarka tana nan London. Idan ka ga dama, kafin a yi mini addu'ar arba'in bangon ya tashi, kuma ba wanda zai iya hana ka. Goggonku ta kira ni daga Yawuri tana kuka, ta ce in tsine maka kawai, ita ce maganar da ɗa yake tsoro. Alhaji Rufa'i bai ce haka ba, amma ya ce in rataya albarkata a kan sharaɗi. Na kwana biyu ina juya maganar, kuma wallahi akwai lokacin da na kusa.

Ba zan yi ba. Na san abin da ya sa ka fara aikin nan. Ka ga ina mutuwa a ƙasar mutane, ka so a riƙa ambaton sunana a gida. Wauta ce, amma wautar ɗa mai son ubansa ce, kuma na gani. Kai za ka wanke ni, kai za ka shiga kabarin ka karɓe ni, kai ne babba.

Allah ya yi muku albarka ku uku. Allah ya raya muku zuriya, ya ba ku masu jinƙanku kamar yadda kuka ji ƙaina. Ku riƙe salla. Ku riƙa cin abinci tare ko da sau ɗaya a wata, a gidan kowa bi da bi, ko kuna fushi ku zo da fushinku ku zauna. Mahaifiyarku ta riga ni, ni ma ga ni nan tafe, ba ku da kowa a garin nan da ya wuce junanku. Duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, na yafe duniya da lahira. Ku ma ku yafe mini.

Abu ɗaya ne ban yafe ba, don ba nawa ba ne balle in yafe. Idan aka toshe mashigar nan, Shafi'u, ba ni za ka nema ba. Matan da za su tsaya a gaɓa da kwano suna jiran jirgin da zai dawo babu komai, su za ka bi ɗaya bayan ɗaya ka roƙa, da 'ya'yansu, da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ni ubanka ne, yafewata mai sauƙi ce. Tasu ban san yadda za ka same ta ba, kuma ranar da za a tambaye ka ba ni da abin da zan iya yi maka. Wannan ne yake hana ni barci, ba ciwon ba.

Ka kwashe simintin nan, ɗana.

Mahaifinku,
Almu Masawudu
Abbey Wood, London